Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da manyan attajiran Garwa ta arewacin Kamaru

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu shugabanni, Alhazai da Hajiyoyi, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, da addu'ar Allah ya ƙara albarka a cikin nemanku, ina rubuto muku wannan takarda ne da yawun ƙananan 'yan kasuwa na wannan gari, wato masu shago ɗaya irina, da masu tebur, da 'yan koli, da mata masu sayar da man gyaɗa da daddawa da busasshen kifi, da dillalan albasa, da teloli, da 'yan dako waɗanda abincin gidansu yake rataye a kan ko an buɗe kasuwa ko ba a buɗe ba. Ni mai sayar da atamfa da shadda ne, kuma a hannun wasu daga cikinku na koyi sana'a, saboda haka ba zan manta da alherinku ba. Kun sha sasanta mu da masu binmu bashi, kun sha zuwa belin yaranmu, kuma duk lokacin da gobara ko rasuwa ta sami ɗayanmu ku ne kan gaba wajen tallafi. Mun bi hanyar da aka saba, mun tura dattawa su same ku a gida, amsar da suka dawo mana da ita ita ce an riga an yanke magana. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi tamu a fili, inda kowane ɗan kasuwa zai karanta.

Maganar da aka yanke kuwa ita ce kowane shago zai ba da jaka biyar, kowane tebur jaka ɗaya, a matsayin gudummawar 'yan kasuwa ga zaɓen kansiloli da na 'yan majalisar dokoki da ke tafe, sannan za a karanta takardar goyon baya da sunan dukkanmu a gaban wasu 'yan takara. Ba a kira babban taro ba, ba a gaya mana wanda zai riƙe kuɗin ba, ba a kuma tambaye mu ko wanda za a mara wa baya shi ne wanda muke so ba.

Abu na farko da ya dame mu shi ne sunan da za a yi amfani da shi. Kasuwarmu ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, kuma kun fi mu sanin haka. A layi ɗaya za ka sami ɗan RDPC, maƙwabcinsa ɗan UNDP, na gabansa ɗan FSNC, na kusa da shi kuma bai taɓa yankar katin jam'iyya ba. Akwai Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Shuwa, akwai Tupuri da Mundang da Giziga, akwai 'yan'uwanmu na kudu da suka shekara talatin suna ciniki tare da mu. Abin da ya haɗa mu shi ne rumfa da tikitin kasuwa da bashin da muke ɗaukar wa juna. Idan aka tashi a gaban jama'a aka ce 'yan kasuwar Garwa baki ɗaya suna bayan wane, an yi wa mafi yawanmu ƙarya, kuma an ɗora mana alhakin maganar da ba mu faɗa ba. Sannan a cikin waɗanda ake nufin karɓar kuɗinsu akwai 'yan Najeriya da 'yan Chadi masu shaguna a cikinmu, alhali dokar zaɓe ta 2012 ta hana jam'iyyun siyasa karɓar tallafin kuɗi daga baƙi 'yan wata ƙasa. Ke nan ko shi ɗan takarar da ake son taimaka wa, tarko ake haɗa masa.

Ana cewa gudummawar ta ganin dama ce. Ranku ya daɗe, a takarda ne kawai take ta ganin dama. Wanda yake zagawa da littafi yana rubuta sunan wanda ya biya shi ne dai wanda muke zuwa wurinsa idan an rufe mana shago kan haraji, shi ne wanda ake tuntuɓa idan za a raba sababbin rumfuna, shi ne mai shaida idan gado ya haɗa da shago. Wane ƙaramin ɗan kasuwa ne zai kalli idonsa ya ce ba zai bayar ba? Akwai wata baiwar Allah da take kasa man gyaɗa kusa da shagona, mijinta ya rasu ya bar mata yara. A lokacin zaɓen da ya wuce, da aka zo irin wannan karɓa, kuɗin zubin adashenta ta ciro ta bayar, ta kwana tana neman rancen da za ta cike gurbinsa. Da na tambaye ta dalili sai ta ce tana tsoron kada a tashe ta daga inda take zama. Har yau ba ta san wanda aka kai wa kuɗin ba, mu ma ba mu sani ba, domin ba a taɓa karanta mana lissafin wancan karo-karon ba.

Abu na biyu, wanda ya fi nauyi a zukatanmu, shi ne abin da muka gani da idonmu a ƙarshen 2025. A tsakiyar shekarar 2025 ɗin ne manyan 'yan siyasa biyu na wannan yanki, Issa Tchiroma Bakary da Bello Bouba Maigari, waɗanda suka daɗe a cikin gwamnati, suka fita suka tsaya takarar shugaban ƙasa. Wanda jiya ake yabo a taro ɗaya da masu mulki, yau ya zama abokin hamayyarsu, kuma duk wanda ya sa hannu a takardar goyon bayan wani ɓangare ya wayi gari ɗaya ɓangaren yana kallonsa a matsayin abokin gaba. An yi zaɓe ranar 12 ga Oktoba, aka bayyana sakamako ranar 27 ga wata, inda aka ba Shugaba Paul Biya kashi 53.66 cikin ɗari, Issa Tchiroma kuma kashi 35.19. Ba na nan don in yi hukunci a kan wannan sakamako, domin a cikin waɗanda nake magana da yawunsu akwai masu murna da shi akwai masu baƙin ciki. Abin da ya shafe mu duka shi ne makonnin da suka biyo baya, da zanga-zanga, da rayukan da aka rasa, da kiran zaman gida na farkon Nuwamba. A waɗannan kwanaki ƙaramin ɗan kasuwa ya rasa inda zai sa kansa, domin wannan yana ce masa in ya buɗe zai ga abin da zai same shi, wancan yana ce masa in ya rufe an rubuta sunansa.

Ku duba wanda ya ɗauki asarar. Mai babban sito wanda kayansa siminti ne ko ƙarfe ko shinkafa a buhu, idan ya rufe mako guda kayansa suna nan yadda ya bar su, kuma galibi yana da wani reshe a Duwala ko Njamena da zai riƙe shi. Mai tumatir da mai ɗanyen kifin Lagdo da mai nama, kwana biyu sun isa su cinye musu uwar kuɗi. Ɗan dako da mai tura baro da ɗan acaɓa ba su da uwar kuɗin ma, ranar da ba su fita ba ranar ba a ɗora tukunya. Masu karɓar haya ba su rage ko dala ba, masu bin bashi ba su ƙara wa'adi ba. A duk tsawon wannan lokaci ba mu ji muryar ƙungiya ba. Ba a kira taro an ce ga yadda za mu tsare kasuwa ba, ba a je wurin hukuma ko wurin masu kiran zaman gida an nema wa masu kayan lalacewa sassauci ba, kuma bayan ƙura ta lafa ba a zagaya an rubuta wanda jarinsa ya karye ba. Dattawan cikinku sun ga 1991, shekarar da aka yi watanni ana rufe garuruwa, sun san mutanen da suka shiga wannan shekara da shago suka fita babu. Sun kuma san abin da rufe kasuwa kowace Litinin ya yi wa 'yan kasuwar Bamenda tun daga 2017. Ƙungiyar da ta riga ta ɗauki ɓangare ba ta da bakin shiga tsakani a irin wannan rana, kuma muna ganin wannan ne ya rufe bakin tamu.

Abu na uku shi ne abin da kuɗin yake saya. Mun san takara tana cin kuɗi. Doka ta ce kowane ɗan takarar kansila ya ajiye sefa 50,000 a baitulmali, kowane ɗan takarar majalisar dokoki kuma miliyan 1, kuma da yake jeri guda ake tsayarwa, jam'iyyar da za ta nemi komin, wato ƙaramar hukuma, mai kujeru 35 sai ta ajiye miliyan 1 da dubu 750 tun kafin ta buga takarda ko ɗaya. Bayan wannan ga atamfar jam'iyya, ga hayar motoci da rumfuna da kujeru, ga mai, ga abincin wakilan rumfunan zaɓe. Tallafin da gwamnati take ba jam'iyyu ba ya isa, saboda haka dole ɗan takara ya ƙwanƙwasa ƙofar mai kuɗi. Ba mu ce haramun ne attajiri ya taimaki wanda yake so ba. Kuɗinsa ne, ra'ayinsa ne, kuma ɗan ƙasa ne kamar kowa. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mun daɗe muna ganin inda askin yake ƙarewa. Idan an gina sababbin shaguna, kafin a liƙa sanarwa an riga an raba su ga waɗanda suka ɗauki nauyin kamfe, su kuma su ba mu haya a kan ninkin abin da suke biyan komin. Idan kwangilar gyaran magudanar ruwa ta fito, ta san gidan da za ta. Jakar mai tebur tana cikin kuɗin da aka tara, amma idan an zo sakayya sunan wanda ya miƙa kuɗin da hannunsa kawai ake tunawa.

A nan dole in taɓo wata magana mai ɗaci, tare da neman afuwarku. Shinkafa da sukari da sabulu da ake rabawa gida-gida a daren zaɓe daga sitocinmu suke fitowa, kuma wani lokaci yaran shagunanmu ne suke ɗaukarsu. Da yake a ƙasarmu kowane ɗan takara da tasa takardar ƙuri'a, an sha gaya wa yaro ya fito da takardun waɗanda bai zaɓa ba ya nuna wa maigidansa kafin a ba shi abin da aka yi masa alkawari. Wannan sayen ƙuri'a ne, doka ta tanadi ɗauri a kansa, kuma idan an kama, yaron ne zai kwana a kurkuku. Yaron da iyayensa suka damƙa maka amana don ya koyi ciniki, ba daidai ba ne ka mayar da ƙuri'arsa wani ɓangare na ladan aikinsa. Akwai kuma bashin kamfe, wanda ba a cika maganarsa ba. Teloli da masu buga riguna da masu hayar kujeru da direbobi da yawa sun yi aiki bisa amanar cewa wani babba a kasuwa ya tsaya wa ɗan takara, zaɓe ya wuce, wanda ya faɗi ya kashe waya, wanda ya ci ya ce a bi layi. Ni kaina akwai turamen atamfa da aka ɗauka a shagona da irin wannan amana waɗanda na riga na cire rai da kuɗinsu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, duk wannan kuɗi da ake zubawa, ba mu taɓa jin an nemi wani abu a rubuce da sunan kasuwa ba, alhali bukatunmu ba ɓoyayyu ba ne. Kayanmu suna tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, jirgin ƙasa ya ajiye su a Ngawundare inda dogo ya ƙare tun 1974, daga nan sai manyan motoci su gangaro ta hanyar da kowane direba ya san yadda take cin tayoyi da kwanaki. Wanda zai wuce da kaya Kusiri da Njamena kuwa sai ya bi Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, kilomita 205 da aikinsu ya tsaya a watan Mayun 2014 bayan da Boko Haram ta sace ma'aikata 'yan China 10 a Waza, kuma an shafe shekaru ana jiran a kammala. Kowane rami da kowane shinge da ake tsayar da mota a kai, a kan farashin buhu yake ƙarewa, mai saye kuma mu yake zagi. Wutar lantarkinmu ta dogara ne a kan madatsar ruwan Lagdo mai ƙarfin megawat 72, wadda ƙarfinta yake raguwa idan ruwa ya ja baya da rani, kuma ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage wahala, mai injin niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara sun san abin da ɗaukewar wuta take jawo musu a watannin zafi. Litar fetur da take sefa 630 ta koma 730 a watan Fabrairun 2023, ta koma 840 bayan shekara ɗaya, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 man kwalba da yake rufa wa 'yan acaɓa asiri ya daina araha irin ta da. Tun farkon 2022 ana cire harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan kuɗin da ake turawa ko cirewa ta waya, hanyar da mafi yawanmu muke biyan masu kawo mana kaya. Masu zuwa sayen shanu da gyaɗa da masara a ƙauyukan Mayo Rey suna tafiya ne da tsoron masu garkuwa da mutane.

Mun san ba duka waɗannan ne suke hannun magajin gari ba. Manyan hanyoyi da haraji da farashin mai na gwamnatin tsakiya ne, amma 'yan majalisar da za mu zaɓa su ne suke amincewa da kasafin kuɗi kowace shekara, kuma ya kamata su ji daga bakinmu kafin su tafi Yawunde. Abin da yake hannun komin kuwa, dokar raba iko ta Disamban 2019 ta fayyace shi: gina kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su, da kwashe shara, da tsabtar gari. Kullum muna yankar tikiti, amma da damina ruwa yana shiga mana shaguna saboda magudanu sun toshe, banɗakuna ba su isa ba, wayoyin wuta a sarƙe suke a saman rumfuna, kuma akwai layukan da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba ko da ta zo a kan lokaci. Kada kuma a raina kujerar kansila, domin kansiloli ne suke zaɓen magadan gari na Garwa ta ɗaya da ta biyu da ta uku da magajin garin birni, su ne kuma masu zaɓen mafi yawan 'yan majalisar jiha, sannan su da 'yan majalisar jihar ne suke zaɓen sanatoci 70 daga cikin 100. Waɗanda aka zaɓa ranar 9 ga Fabrairun 2020 an ba su shekara 5 ne, aka kuma tsawaita musu wa'adi, kuma a duk wannan lokaci ƙungiya ba ta taɓa kiransu su zo su gaya mana nawa aka tara a kasuwa da abin da aka yi da shi ba.

Saboda haka, iyayenmu, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a dakatar da karɓar wannan gudummawa nan take, a mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu, sannan a kira babban taro wanda masu tebur da mata da 'yan dako za su samu wakilci a cikinsa, a karanta mana lissafin abin da aka tara a zaɓen da ya wuce da inda aka kai shi. Idan taro ya ga akwai amfanin a riƙa yin karo-karo, to a mayar da shi asusun tallafa wa wanda gobara ko rufe kasuwa ta karya wa jari, a sa masa ma'aji da masu bincike waɗanda taro ya zaɓa.

Muna roƙon a janye takardar goyon baya, kuma a rubuta a cikin dokokin ƙungiya cewa ba za a sake yin amfani da sunanta ko tambarinta ko ofishinta don wani ɗan takara ba. Duk shugaban da yake son tsayawa takara ko jagorantar kamfen ɗin wani, haƙƙinsa ne kuma muna yi masa fatan alheri, amma ya sauka daga kujerar ƙungiya har zaɓe ya wuce. Attajirin da zai ba da kuɗi ya bayar daga aljihunsa da sunansa.

A maimakon takardar goyon baya, muna roƙon a rubuta takardar bukatun kasuwa, a gayyaci shugabannin jerin 'yan takara na kowace jam'iyya ba tare da bambanci ba, a cikin kwanaki 15 na yaƙin neman zaɓe, su zauna a gabanmu a wuri guda su amsa. A tambaye su ko za su riƙa liƙa lissafin kuɗin kasuwa a ƙofar kasuwa kowace shekara, ko za su raba sababbin shaguna a bainar jama'a tare da fifita waɗanda suke zaune a wurin tun farko, ko za su hana karɓar kowane kuɗi ba tare da rasiti ba, da kuma lokacin da za su gyara magudanu da wayoyin wuta da hanyoyin shigar motar kashe gobara. Wanda ya yarda ya sa hannu, a ajiye takardar, a karanta ta a taron kowace shekara. Reshen majalisar ciniki da masana'antu ta ƙasa da ke nan Garwa zai iya ba da zauren da babu wanda zai ce na wani ɓangare ne, idan kuka nema.

Muna roƙon ku yi amfani da girmanku wajen abin da zai amfani kowa, wato katin ɗan ƙasa da katin zaɓe. Yawancin yaran shagunanmu sun haura shekara 20, shekarun da doka ta ba da damar jefa ƙuri'a, amma ba su da rajista, wasu saboda rashin takardar haihuwa, wasu saboda maigida ba ya ba su hutun yini ɗaya su bi layi. Hukumar zaɓe ta ELECAM tana rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta na kowace shekara, kuma tana dakatarwa da zarar an sanar da ranar zaɓe. A nemi ta kawo teburinta cikin kasuwa, a ba yara dama su yi rajista, sannan a bar kowa ya zaɓi wanda ya ga dama ba tare da an tambaye shi takardun da ya fito da su ba.

Muna roƙon ƙungiya ta sanar da cewa duk wanda zai ɗauki kaya ko aiki don kamfe ya biya hannu da hannu, ko ya kawo mai tsaya masa a rubuce, kuma a kafa kwamitin da zai bi wa ƙananan 'yan kasuwa basussukan zaɓen da ya wuce.

Daga ƙarshe, muna roƙon tun yanzu, kafin a sa ranar zaɓe, ku zauna da hukumomin gari da sarakuna da malamai da shugabannin coci da wakilan jam'iyyu duka, a amince cewa kasuwa ba wurin taron siyasa ba ce, ba za a tilasta wa kowa rufewa ko buɗewa ba, kuma a tsara yadda masu gadi da 'yan kasuwa za su tsare dukiyar jama'a idan hankali ya tashi. Muna sa ran jin amsarku a babban taron da muke roƙon a kira kafin ƙarshen wata mai kamawa, kuma a shirye muke mu turo wakilanmu su taya ku rubuta takardar bukatu.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma abokin sana'arku,
a madadin ƙananan 'yan kasuwar Garwa.